Yadda iyali za su kula da halin zuciyar mai jego, daga haihuwa zuwa bayan arba'in

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu karatu, wani lokaci daga miji, wani lokaci daga uwa ko yaya, har ma daga mai jegon da kanta: an sauka lafiya, jariri lafiya, nono ya zo, amma ga mai jego tana kuka ba wanda ya yi mata komai, ko kuma ta yi shiru ta daina walwala, to me ya kamata a yi, kuma da me za a fara? Jegon Bahaushe ya tanadi mai dafa ruwan wanka da mai dama kunu da mai gasa nama da mai yi wa jariri wanka, sai dai bai ware wanda zai lura da abin da ke cikin ran mai jego ba. Wannan jagora ta jera abin da iyali za su yi bi da bi. Babban abin da za a riƙe a hannu shi ne ƙidayar kwanaki, domin kukan rana ta huɗu da kukan mako na huɗu, ko da sun yi kama a ido, ba abu ɗaya suke nufi ba.

1. Kafin haihuwa: a tsayar da mutum ɗaya, a san tarihi

Tun ciki yana wata takwas, lokacin da ake haɗa kayan haihuwa, a zauna a tsayar da mace ɗaya wadda za ta riƙa kwana da mai jego aƙalla mako biyu na farko. Idan haihuwar fari ce kuma za ta tafi gida wanka, yawanci mahaifiyarta ce ko gwaggonta. Idan a ɗakinta za ta yi jego, a tambayi mai cikin da kanta wa take so, domin an sha ɗauko tsohuwa gwanar wanka wadda mai jego ba ta iya buɗe baki a gabanta, sai a yi kwana arba'in a ɗaki ɗaya ba a san abin da ke cinta ba.

Bayan haka a binciki tarihi cikin sirri. Shin ta taɓa fama da ciwon damuwa, ko a lokacin goyon ciki ko bayan wata haihuwa da ta gabata? Shin ita, ko mahaifiyarta, ko 'yar'uwarta ta ciki ɗaya, ta taɓa samun taɓin hankali bayan haihuwa? Shin tana shan maganin ƙwaƙwalwa a yanzu? Idan amsar ɗaya daga ciki e ce, a sanar da ma'aikaciyar awo tun kafin naƙuda, a rubuta a katinta. Akwai kuma yanayin da ke ƙara nauyi ko da babu wannan tarihi: ƙuruciya, ɓari ko rasa ɗa a baya, zaman gida da ba daɗi, duka, bashi, doguwar naƙuda, haihuwa ta tiyata, yoyon fitsari, jariri da aka sa a kwalba, da gorin da ake yi wa wadda ta sake haihuwar mace.

Gargaɗi: mai ciki da ke shan maganin ƙwaƙwalwa kada ta daina don tsoron abin da ke cikinta sai da shawarar likitan da ya rubuta mata shi. Yanke magani farat ɗaya yana daga cikin abubuwan da ke dawo da ciwon bayan haihuwa.

A ɓangaren kuɗi, maigida ya ware wani abu dabam da kuɗin suna, wanda zai isa hayar mota zuwa asibiti cikin dare, yankan kati, gwajin jini da maganin wata ɗaya. Rago da goro da ɗinkin fitar suna sukan cinye duk abin da aka tara, har idan buƙata ta taso a mako na uku a tarar aljihu wayam. Ma'aikacin Gwamnatin Tarayyar Najeriya ya sani cewa tun 2021 aka amince da hutun kwana 14 ga maza idan matansu sun haihu. Ya nemi nasa, kuma ya yi shi a gida.

2. Daga rana ta biyu zuwa ta goma sha huɗu

Da zarar mabiyiya ta faɗo, sinadaran jiki biyu da suka yi yawa ƙwarai a lokacin ciki, wato istirojin da furojestaron, sai su sauka ƙasa cikin 'yan kwanaki. Wannan saukar tana haɗuwa da rashin barci da ciwon mara da zafin ɗinki da cikar nono. Sakamakon haka fiye da rabin masu jego sukan shiga wani hali daga rana ta biyu ko ta uku: kuka ba dalili, saurin fushi, fargabar ko za ta iya riƙon jaririn, dariya yanzu hawaye an jima. Abin yakan yi ƙarfi tsakanin rana ta uku da ta biyar, sannan ya lafa da kansa kafin mako biyu ya cika.

A wannan zango babu maganin da za a saya. A gaya mata tun kafin abin ya zo cewa yana zuwa kuma yana wucewa, a zauna kusa da ita idan tana kuka, a karɓi jaririn ta huta. Mai kula da ita ta rubuta ranar haihuwa da ranar da kwana goma sha huɗu za su cika, ko a bango ko a waya, domin wannan ranar ce mizanin mataki na shida. A kuma kiyaye ranakun komawa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, sai a rana ta uku, sai tsakanin rana ta 7 da ta 14, sannan a mako na shida, kuma kowace ziyara dama ce ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya halin da ran mai jego yake ciki.

Gargaɗi: kada a jingina komai ga damuwa. Zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ruwa mai wari, matsanancin ciwon kai da gani dishi-dishi, jijjiga, haki ko kumburin ƙafafu ciwon jiki ne da ke buƙatar asibiti a ranar.

3. A tsare mata barci, a gyara wanka da abinci

Idan aka ce in zaɓi mataki ɗaya da iyali suka fi iko a kansa, wannan ne. Sabon jariri yakan sha nono sau takwas zuwa goma sha biyu a dare da rana, saboda haka ba za a iya hana tashin dare ba, amma ana iya rage abin da uwar take yi idan ta tashi. Tsarin shi ne mai kwana da ita ta ɗauko jaririn idan ya motsa, ta miƙa mata ya sha, sannan ta karɓe shi ta sa shi gyatsa, ta canza masa kunzugu, ta lallashe shi, ita kuwa uwar ta koma barci nan take. A yi ƙoƙari ta samu barcin awa huɗu a jere sau ɗaya a kowace rana idan jariri yana shan nono sosai kuma nauyinsa yana tafiya daidai. Idan nono ya wadata, tana iya tatsewa a kofi mai tsabta mai murfi a ba jaririn da ƙaramin kofi ko cokali sau ɗaya, muddin bai wuce awa huɗu a ajiye a ɗaki ba.

Da rana ma a ware mata lokaci, misali daga hantsi zuwa azahar, a rufe ƙofa, a kashe ƙarar waya, a kwashe yaran gida zuwa wani ɗaki. Manyan 'ya'yanta, musamman wanda aka yi wa ƙane, a damƙa su ga wata hannu dabam: wanka, abinci, shirin makaranta da na Islamiyya. Girkin maigida da wankinsa su sauka daga kanta gaba ɗaya. A gidan da ake da abokiyar zama, maigida ne ya kamata ya tsara wannan da bakinsa cikin adalci da godiya ga wadda ta ɗauki nauyin, kada a bar matan su yi ta zaman doya da manja a kai.

Lokacin wanka ya bi barcin mai jego. Ba daidai ba ne a tashi matar da ba ta runtsa ba sai gab da asuba don kawai ruwa ya tafasa. A sirka ruwan ya zama mai ɗumi wanda fata take ɗauka. Abinci kuwa ya zama mai gina jiki da ƙara jini: nama, hanta, kifi, ƙwai, wake, zogale da sauran ganye, kunun gyaɗa, da ruwan sha isasshe. Idan an ba ta maganin ƙarin jini a asibiti ta ci gaba da sha, domin ƙarancin jini kaɗai yana kawo kasala da faɗuwar gaba da suke kama da ciwon damuwa.

Gargaɗi: tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da al'adun jego na wanka da ruwa mai tsananin zafi, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa da yawa. Mai hawan jini ta nisanci kanwa. Wadda aka yi wa tiyata kada a fyaɗa mata ganye da ruwan zafi a kan ɗinki. Haka nan kada a sayo mata maganin barci a kemis, ko maganin tari mai kodin, ko tiramadol, domin suna bi ta nono su kai ga jariri. Shi kuma jaririn kada a ba shi ruwa ko jiƙo don ya yi shiru. Nono zalla ya ishe shi har wata shida.

4. 'Yan barka da ranar suna

Barka zumunci ne, kuma mai jegon da ba a leƙo ta ba ita ma ranta yana sosuwa. Matsalar ita ce sintirin mutane daga safe zuwa dare a daidai kwanakin da ranta ya fi rauni. A tsayar da lokacin shiga, kamar bayan la'asar zuwa magariba, a sa babbar mace mai faɗa a ji ta tari baƙi a falo ko tsakar gida, ta ce musu, “Mai jego ta samu barci, ga jariri ku gani, za a faɗa mata kun zo.” Mai jego ba za ta iya korar kowa ba, kuma idan ta gwada za a ce ta yi girman kai, saboda haka aikin na manya ne.

Ita wannan babbar ce kuma za ta tare maganganun da ake yi da sunan wasa: wai jaririn bai yi hasken uwarsa ba, wai mace aka kuma, wai nonon bai isa ba ko ba shi da kyau, wai har yanzu tumbin bai koma ba. Mai faɗa takan manta kafin ta kai ƙofar gida, mai jego kuwa tana iya kwana uku tana juya maganar.

Ranar suna a rage mata hidima. Ta yi kwalliya sau ɗaya, ta fito na ɗan lokaci, ta koma ta kwanta. Canza kaya sau huɗu don hotuna ba dole ba ne. Inda iyalai suka fi yin kuskure shi ne washegarin suna. An watse, 'yan'uwan nesa sun tafi, maigida ya koma kasuwa ko ofis, ɗaki ya yi tsit. Mai kula da ita kada ta tafi tare da 'yan suna, kuma waɗanda ke kusa su raba ziyararsu zuwa makonnin da ke gaba.

5. Yadda ake tambayarta

Idan aka ce wa mai jego “Ya jiki?” za ta ce da sauƙi, ko da zuciyarta tana tafasa, domin haka aka rene mu. Tambayar da ke buɗe baki ita ce wadda ta fara da abin da aka gani da ido, aka yi ta a keɓe. Uwa tana iya cewa, “'Yar nan, na ga tun jiya ba ki taɓa abinci ba, kuma ko yaron ya yi barci ke idonki biyu. Me ke damun ranki?” Miji yana iya cewa, “Na lura kwana biyu ba ki da walwala. Ba laifinki nake gani ba, so nake in ji abin da kike ji.” Bayan an tambaya a yi shiru a jira, ko da shirun ya yi tsawo. Idan ba ta amsa yau ba, a sake gobe.

Idan ta fara magana kada a katse ta da nasiha. Kalaman da suka fi rufe bakin mai jego sanannu ne: ki yi haƙuri, kowa haka ta yi, mu da muka haifi goma fa, wasu suna can suna neman haihuwa ido rufe, wannan shagwaɓa ce, ki ji tsoron Allah, butulci ne. Mai fama da ciwon damuwa ta riga ta gaya wa kanta duk waɗannan, kuma jin su daga bakin mahaifiyarta yana tabbatar mata da cewa ita muguwar uwa ce. Tana iya kasancewa mai godiya ga Allah matuƙa kuma tana cikin ciwo, kamar yadda mai zazzaɓi yake godiya yana rawar ɗari. Ya kamata a tuna kuma cewa jinin biƙi ya ɗauke mata salla, wadda ga mata da yawa ita ce wurin kai kuka. A tunatar da ita a hankali cewa ƙofar addu'a da zikiri a buɗe take.

Akwai al'adu biyu da ke iya rufe ido a nan. Ta farko kunyar ɗan fari ce: yarinya ta ƙi kallon jaririnta ko ɗaukarsa a gaban manya, a yaba mata da alkunya. Mai kwana da ita ce kaɗai za ta iya gane ko idan sun keɓe tana rungumarsa tana yi masa wasa, ko kuwa ko a keɓen ma ba ta jin komai game da shi. Ta biyu kunyar surukai ce, wadda ke sa miji ya zo gidan wanka ya gaisa a zaure ya tafi bai ga matarsa su biyu ba. Iyaye su ba su wuri su yi magana, shi kuma ya riƙa kiranta a waya kullum. Idan ya ga abin da bai iya faɗa wa surukarsa kai tsaye ba, ya bi ta hannun yayar matar ko gwaggonta.

Gargaɗi: idan ta furta cewa ta gaji da rayuwa, ko yaran za su fi jin daɗi ba ita, a tambaye ta kai tsaye, “Kina tunanin cutar da kanki?” Yin wannan tambaya ba ya cusa tunanin a ran wadda ba ta da shi. Idan ta ce e, a tsallaka zuwa mataki na takwas.

6. Idan mako biyu ya cika ba ta warware ba

Ranar da aka rubuta a mataki na biyu ta zo. Idan kuka da fargaba sun ragu, tana ci, tana barci idan ta samu dama, tana dariya, to an wuce. Idan kuwa abin yana nan ko ya ƙaru, ana maganar ciwon damuwa na bayan haihuwa ne, wanda ba ya tafiya da haƙuri kawai. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu a duniya suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20. Wato kusan ɗaya ke nan a cikin kowaɗanne masu jego biyar da ke layin rigakafi.

Alamomin da ake dubawa su ne baƙin ciki mafi yawan yini kusan kullum, rashin jin daɗin abin da ta saba so, kasa barci ko da jariri yana barci kuma an karɓe shi, ƙin abinci, ganin kanta ba ta da amfani, guje wa mutane, rashin kula da tsabtar jikinta, da fargaba mai hana zama, irin wadda ke sa ta tashi sau goma tana duba numfashin jariri. Mata da yawa ba sa cewa ransu a ɓace yake. Sai su ce kaina yana zafi, ƙirjina ya yi nauyi, gabana yana faɗuwa, wani abu yana yawo a jikina. A ɗauki waɗannan da muhimmanci. Ciwon yana iya farawa kowane lokaci a cikin shekarar farko, saboda haka wadda ta wuce arba'in lafiya ba ta fita daga lissafi ba.

A samu ƙaramin littafi a riƙa rubuta abu huɗu kullum na tsawon mako guda: awa nawa ta yi barci, sau nawa ta ci abinci, ko ta yi kuka, da duk maganar da ta tayar da hankali. Layi biyu a rana ya isa, kuma zai amfani likita fiye da a ce masa “ta dai canza.”

Wasu masu jego sukan samu wani tunani mai ban tsoro yana faɗo musu, kamar su ga jariri ya suɓuce daga hannunsu ko ya faɗa ruwan wanka. Idan tunanin yana firgita ta, tana ƙinsa, tana ƙara kaffa-kaffa da yaron saboda shi, wannan alamar fargaba ce, ana samunta sosai kuma tana jin magani. Kada a ƙwace mata jariri don ta faɗi gaskiya, amma a sanar da likita.

7. Zuwa asibiti

A fara da inda ta yi awo ko ta haihu, ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Ranakun rigakafin jariri a mako na 6 da na 10 da na 14 suna sauƙaƙa fita ga wadda ba ta son a san dalilin tafiyarta. Mutum ɗaya da ta yarda da shi ya raka ta, a tafi da katin awo, da littafin da aka rubuta, da duk magungunan da take sha har da na gargajiya. A faɗi matsalar tun a jumlar farko, misali, “Ta haihu mako uku ke nan, ba ta barci, ba ta ci, kullum tana kuka.” Idan aka fara da ciwon kai kaɗai, da farasitamol za a dawo.

Ma'aikaciyar lafiya tana iya amfani da wata takarda mai tambayoyi goma da aka tsara a Edinbura a 1987, wadda ke tambayar yadda uwa ta ji a kwana bakwai da suka wuce. Cikata ba ya wuce 'yan mintoci. A bar mai jego ta amsa da kanta, mai rakiya ya fita idan an buƙata. A nemi a auna hawan jini da yawan jini, a kuma duba halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke jawo maƙoƙo, domin takan rikice bayan haihuwa ta kawo alamomi masu kama da na damuwa.

Idan ciwon bai yi tsanani ba, zaman tattaunawa da ƙwararre tare da gyaran barci da taimakon gida yakan isa. Idan ya yi nauyi, ana haɗawa da magani, kuma akwai waɗanda suka dace da mai shayarwa. Da gangan na ƙi ambatar suna don kada a je kemis a saya. Idan ana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, da kuma na Dawanau a Kano. Asibitin gwamnati ya fi na kuɗi sauƙi, kuma abin da ke cin aljihu yawanci shi ne kuɗin mota na zuwa da komawa da maganin wata-wata. Mai inshorar lafiya ya tambayi abin da tsarinsa ya ɗauka, sannan a nemi likita ya rubuta nau'in magani mai araha idan akwai.

Gargaɗi: maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin amfaninsa, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Kuskure biyu da aka fi yi su ne jefar da shi a kwana na biyar wai ba ya aiki, da dainawa da zarar ta fara dariya. Addu'a da tofi da sadaka su tafi tare da magani, babu wanda ya hana wani. Abin gudu shi ne a kwashe watanni ana neman wanda ya yi mata sammu alhali ba a kai ta asibiti ba.

8. Alamomin gaggawa

Wannan mataki ba ya jiran layi. Mace ɗaya ko biyu a cikin haihuwa 1,000 sukan samu taɓin hankali na bayan haihuwa, kuma yakan zo da sauri, galibi a cikin mako biyu na farko. Za a ga ta kwana biyu ko uku ba barci kuma ba ta jin gajiya, tana surutu ba tsayawa, ta ruɗe ba ta gane mutane ko lokaci, tana jin muryoyi ko ganin abin da babu, ko ta haƙiƙance cewa an musanya mata jariri, ko za a kashe shi, ko an umarce ta ta yi masa wani abu. Takan dawo hayyacinta na 'yan awoyi sannan ta sake rikicewa, kuma wannan lafawar ce ke ruɗin iyali su ce a bari a ga gobe.

Idan aka ga haka, ko ta ce tana tunanin kashe kanta, kada a bar ta ita kaɗai ko ita da jariri ko na minti ɗaya. A kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da wuƙaƙe da tarin magunguna, a rufe rijiya. Mutum ɗaya ya riƙa yi mata magana cikin sanyin murya, kada a yi gardama da abin da take faɗa, kada a tara mata jama'a. A kai ta sashen gaggawa na babban asibiti a ranar, ko da dare ne. A Najeriya ana iya kiran lambar gaggawa ta 112 inda take aiki. A faɗa wa likita ranar haihuwa da ko akwai zazzaɓi, domin cutar da ta shiga jini ma tana ruɗa mai jego.

Gargaɗi: kada a ɗaure ta, kada a doke ta da sunan fitar da iska, kada a turara mata hayaƙi a ɗaki rufe ga jariri a ciki. Mafi yawan matan da aka kai asibiti da wuri suna warkewa sarai su koma renon 'ya'yansu.

9. Bayan arba'in

Ranar da aka gama wanka aka mayar da ita ɗakinta da gara, duk taimakon da ta saba da shi yakan yanke lokaci ɗaya: girki ya dawo, wanki ya dawo, ga yawon arba'in, ga jariri da har yanzu yake tashin dare. A mayar mata da aikin gida kaɗan-kaɗan cikin makonni, a bar mata ƙanwa ko 'yar aiki idan da hali, mahaifiyarta ko yayarta ta riƙa kira a rana tsayayya kowane mako tana yin irin tambayar mataki na biyar. Maigida ya ɗauki wani aiki sananne ya zama nasa, kamar riƙon jariri daga isha'i zuwa lokacin kwanciya. Kada ya matsa mata a kan shimfiɗa don kawai jini ya ɗauke. Ciwon ɗinki da gajiya da damuwa duk suna rage sha'awa, kuma ziyarar mako na shida ce wurin da za su tattauna tazarar haihuwa da ma'aikaciyar lafiya. Shi ma idan ya ga barcinsa da walwalarsa sun lalace na makonni, ya faɗa wa likita, domin iyaye maza ma suna kamuwa.

Wadda jaririnta ya koma, ko bai zo da rai ba, tana buƙatar duk waɗannan matakai, har da wanda zai kwana da ita bayan an watse daga gaisuwa, kuma a tambayi asibiti yadda za a yi da nonon da zai cika. Wadda ta yi ciwon damuwa a wannan haihuwa tana iya sake yi a ta gaba, wadda kuwa ta samu taɓin hankali, kusan rabin irinsu yakan dawo musu. A adana katin asibiti da sunan maganin da ya yi mata aiki, a nuna su a ranar awon farko na ciki mai zuwa.